Da Abokin Daka Akan Sha Gari

A wata makarantar sakandare da ke cikin garin Dutse akwai filin tanis guda ɗaya tak, na siminti, wanda rana ta gasa har ya daddare. Ragarsa ta sha ɗinki, farin layinsa kuwa sai wanda ya san inda yake tun asali ne zai iya gane shi. Na yi shekara biyu ina zuwa wurin bayan sallar la'asar. Abin da ya fi zauna mini a rai daga wancan lokaci shi ne jerin yaran da ke zama a gindin darbejiya, kowa ya zuba tagumi, suna kallon mutum biyu sun mallake filin su kaɗai. Sau da yawa ladan zai kira magariba alhali rabinsu ba su taɓa raket ba. Wata rana na tambayi mai horar da mu, me zai hana a riƙa shigar da yara huɗu a lokaci guda, biyu a nan, biyu a can. Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce wasan bibbiyu na tsofaffi ne da masu tumbi, shi kuwa zakara yake nema.

Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, domin gadon maganar ya yi. Daga manyan gasannin duniya ta gangaro, ta ratsa ta bakin 'yan jarida da masu shirya gasa, har ta iso gindin darbejiyar nan ta Dutse. Ni kuwa ra'ayina shi ne maganar kuskure ce, kuma kuskuren ya fi cutar da mu fiye da waɗanda suka ƙirƙire shi. Idan har Jihar Jigawa za ta taɓa samun ɗan wasan tanis da za a ji sunansa a wajen iyakarta, ta ƙofar wasan bibbiyu zai fito, ƙofar da muka rufe da hannunmu saboda kwaikwayon raini.

Bari mu fara da inda rainin ya samo asali. A gasar Wimbledon ta Ingila, wadda ta fi kowace gasar tanis daɗewa, wanda ya lashe wasan ɗaiɗai na maza a shekarar 2024 ya karɓi fam miliyan 2.7. Mutum biyun da suka lashe wasan bibbiyu na maza an ba su fam 650,000 su raba, wato kowannensu bai samu ko kashi ɗaya cikin takwas na abin da zakaran ɗaiɗai ya samu ba. Tun a 2023 masu gasar suka rage tsawon wasan bibbiyu na maza daga zubi biyar zuwa zubi uku, suka bar na ɗaiɗai yadda yake. Kafin wannan, a 2005, hukumar ƙwararrun 'yan wasa maza ta ATP ta fito da wani tsari da zai sa a riƙa fifita taurarin ɗaiɗai wajen ba da gurbi a wasan bibbiyu, sai da ƙwararrun bibbiyu, ciki har da tagwayen nan na Amurka Bob da Mike Bryan, suka kai ƙara kotu kafin a sassauta. Duk da haka an gajarta wasan, aka mai da zubi na uku gajeriyar fafatawa ta maki goma. A takaice dai, manyan tanis sun daɗe suna ɗaukar wasan bibbiyu tamkar ɗan riƙo: ana ciyar da shi, amma bayan 'ya'yan gida sun ƙoshi.

Su suna da dalilinsu, kuma dalilin na kasuwa ne. Fuska ɗaya ta fi sauƙin tallatawa, kamfanin takalma ya fi son suna ɗaya a jikin allo, gidan talabijin ya fi son labarin gwarzo guda. Wannan lissafin masu sayar da tikiti ne a Landan da New York. Abin tambaya shi ne, mu da ba mu sayar da tikiti, ba mu da kamfanin takalma, me ya kai mu aron lissafinsu? Wanda ya ari rigar da ba a ɗinka dominsa ba, ko dai ta shaƙe shi ko ta ja ƙasa.

Namu lissafin daban ne, kuma ɗan aji uku na firamare zai iya yin sa. Tsakanin la'asar da magariba abin da ake samu bai wuce awa biyu ba. Idan aka ba kowane rukuni rabin awa, fili ɗaya zai ɗauki yara takwas a wasan ɗaiɗai, ya ɗauki goma sha shida a wasan bibbiyu, da ƙwallo iri ɗaya, da raga ɗaya, da malami ɗaya. Faɗin filin tanis mita 10.97 ne, amma wasan ɗaiɗai mita 8.23 kawai yake amfani da shi. Zirin nan biyu na gefe, kowanne mita 1.37, domin wasan bibbiyu aka shata su. Ke nan duk filin da aka gina a ƙasar nan an riga an biya kuɗin simintin wasan bibbiyu, sai mu muka bar shi ƙadangaru na shan hantsi a kai. A jihar da ke da ƙananan hukumomi 27, wadda yawancin yaran Kiyawa da Jahun da Buji da Miga ba su taɓa ganin filin tanis da idonsu ba, barin rabin yaran da suka samu isowa filin a zaune almubazzaranci ne, ko da an lulluɓe shi da sunan neman zakara.

Za a ce mini, kamar yadda malamin nan ya ce, wasan bibbiyu mafakar waɗanda suka kasa ne. Wannan ita ce hujjar da ta fi yawo, don haka ta cancanci a tsaya a kanta. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: wasu manyan 'yan bibbiyu ba su yi nisa a wasan ɗaiɗai ba. Rohan Bopanna na Indiya bai taɓa shiga cikin mutum ɗari biyu na farko a jerin 'yan ɗaiɗai na duniya ba. Amma a watan Janairun 2024, yana da shekara 43, ya lashe gasar Australian Open tare da Matthew Ebden, ya kuma zama na ɗaya a duniya a wasan bibbiyu. Wanda ya kira wannan kasawa, sai ya gaya mana sunan da zai ba wa nasara. In kuwa wasan na ragwaye ne, me ya kai John McEnroe cikinsa, mutumin da ya riƙe matsayi na ɗaya a duniya a ɓangarorin biyu, ya kuma lashe kofi fiye da saba'in a kowanne? Roger Federer, duk da tarin kofunansa, zinariyar Olamfik guda ɗaya ya taɓa ratayawa, kuma a wasan bibbiyu ya same ta, tare da Stan Wawrinka, a Beijing a 2008. Rafael Nadal ma ya ci zinariyar bibbiyu a Rio a 2016 tare da amininsa Marc López.

A 2025 masu shirya gasar US Open suka yi wani gwaji da ya isa ya kashe wannan gardama. Sun sauya fasalin wasan bibbiyu na mace da namiji, suka cika shi da taurarin ɗaiɗai, suka sa ladan dala miliyan ɗaya, suka bar ƙwararrun bibbiyu kusan duka a waje. Sara Errani da Andrea Vavassori na Italiya, waɗanda sana'arsu ke nan, aka ba su gurbi na alfarma. Su suka ɗauke kofin, bayan sun doke Iga Swiatek da Casper Ruud a wasan ƙarshe. Haɗa gwanaye biyu wuri ɗaya ba ya mai da su abokan wasa, kamar yadda ɗaure bijimai biyu masu ƙarfi a garma ɗaya ba ya mai da su shanun huɗa. Duk manomin Birnin Kudu ya san sai an hora su tare, sun san takun juna, in ba haka ba kunya ta karkace.

Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli wasan da idon basira ba yana zaton kowa tsare rabinsa yake yi. Ga yadda abin yake. Mai bugun buɗe wasa yana can baya, abokinsa yana tsaye dab da raga. Kafin a buga, na gaban zai mai da hannu bayansa ya yi ishara da yatsu: ga inda za ka aika ƙwallon, ni kuma zan tsaya ko zan tsallaka. Idan ya ce zai tsallaka, to wajibi ne na bayan ya ruga ya toshe gurbin da ya bari, tun kafin ya ga abin da abokan hamayya za su yi. Ya amince da maganar da aka yi da yatsa biyu, ya gina gudunsa a kanta. Idan ɗaya ya matsa hagu, ɗayan ma ya matsa, kamar an ɗaure su da igiya a ƙugu. Wurin da ya fi kowane haɗari shi ne tsakiya, inda kowa kan zaci ɗan'uwansa zai ɗauka, kuma can gwanaye ke aika ƙwallo da gangan, domin sun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga kuma ƙwallo a bakin raga, wadda kan iso kafin ƙiftawar ido, ba ta ba mutum damar ɗaga hannu balle tunani. Wanda ya ce rago na iya ɓuya a nan bai san wasan ba. Abokan hamayya sukan gano mai rauni tun a mintunan farko, su yi ta yi masa ruwan ƙwallo har sai ya gyara ko ya rushe.

Mu Hausawa bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba, domin mun tashi muna ganin irinsa a tsakar gida. Mata biyu a kan turmi ɗaya suna lugude, taɓarya na sauka wata na tashi, har da tafi a tsakani, ba a taɓa karo ba. Wanda ya kalli wannan ya ce ai kowace rabin daka take yi, don haka aikin ragwaye ne, ya nuna bai taɓa riƙe taɓarya ba. Maƙeri da mai zuga haka suke. A wasan langa, wanda yaran karkararmu suka iya tun kafin su iya karatu, 'yan wasa sukan kare ruwansu da jikinsu har ya kai gida, kuma nasarar ta kowa ce. Mun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun ce da abokin daka akan sha gari. Abin mamaki ne a ce al'ummar da ta gina noma a kan gayya ita ce za ta shiga filin tanis ta raina ɓangaren da ya fi kama da ita.

Tarihin ƙasarmu ma yana gefena. Ɗan wasan tanis mafi shahara da Nijeriya ta taɓa fitarwa shi ne Nduka Odizor, wanda ya tashi a Legas ya yi karatu a Jami'ar Houston ta Amurka. Ana yawan tuna cewa ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, kuma ya lashe kofin ɗaiɗai a Taipei a shekarar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kofinsa na ɗaiɗai a manyan gasanni ɗaya ne, na bibbiyu kuwa bakwai. Matsayi mafi girma da ya kai a ɗaiɗai shi ne na 52 a duniya, a bibbiyu kuwa ya kai na 20. Wato inda ɗan Nijeriya ya fi kusantar ƙololuwar wannan wasa, ta hanyar bibbiyu ne. Haka abin yake a sauran Afirka. Byron Black na Zimbabuwe ya lashe French Open a 1994 ya zama na ɗaya a duniya a bibbiyu. Ƙanensa Wayne Black da Kevin Ullyett sun lashe US Open a 2001 da Australian Open a 2005. Raven Klaasen na Afirka ta Kudu ya kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2018. Ƙasashen da ba su da tarin kuɗi da cibiyoyin horo sun sha samun gurbi a wannan ɓangare, domin a nan dabara da fahimtar juna sukan cike giɓin da rashin gata ya bari. A gasar ƙasashe ta Davis Cup kuwa, a rukunin da Nijeriya ta daɗe tana bugawa a Afirka, wasa uku ake yi: ɗaiɗai biyu, bibbiyu ɗaya. Duk ranar da aka yi kunnen doki, 'yan bibbiyun da aka raina su ne ke yanke wa ƙasa hukunci.

Akwai wata hujjar da ta fi ta farko nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Wani zai ce, a jihar da ambaliya ke cinye gonaki, ga azuzuwan da yara ke zaune a ƙasa, wane mai hankali ne zai ɓata tawada a kan tanis, wasan 'yan boko da masu hannu da shuni? Na yarda cewa aji ya fi fili, magani ya fi raket. Da ina neman a gina katafaren filin wasa na biliyoyin naira, da wannan hujja ta gama da ni. Abin da nake nema bai kai kuɗin fentin ofis ɗaya ba: a cika filayen da ake da su da yara, a gyara layi, a ɗinke raga. Kuma ainihin abin da ya mai da tanis wasan masu kuɗi shi ne tsarin ɗaiɗai, inda yaro ɗaya ke buƙatar malami nasa, da lokacinsa, da uban da zai ɗauki nauyin tafiyarsa. Yara biyu kuwa sukan raba kuɗin mota, su raba ɗaki, su ari raket a hannun juna idan igiyar ɗaya ta tsinke, kowa ya zama malamin ɗan'uwansa. Wanda ke ƙin tanis don na masu kuɗi ne, ya kamata ya fi kowa goyon bayan ɓangaren da talaka zai iya shiga.

Ba na kiran a soke wasan ɗaiɗai. Ɗan wasa na gaske yana buƙatar duka biyun, kuma yaron da ya goge a bakin raga zai shiga wasan ɗaiɗai da hannu mai laushi da ido mai kaifi. Faɗana da tsarin fifiko ne, da kuma ɗabi'ar da ke ƙarƙashinsa. Mun saba da neman mutum ɗaya da za a ɗauki hoto da shi. Jami'i yana son yaro guda da zai miƙa wa kofi a gaban kyamara, ya rubuta a rahoto cewa an samu zakara. Idan yaron ya ji rauni, ko ya tafi karatu, ko talauci ya mai da shi kasuwar Shuwarin, sai a wayi gari babu komai, domin ba a taɓa gina komai ba sai shi. Garin Dutse ya yi suna da dabino, kuma duk mai gonar dabino ya san bishiya ɗaya, komai tsayinta, ba ta 'ya'ya sai da wata a kusa. Wanda ya shuka guda ɗaya ya zauna jiran kaka, inuwa kawai zai samu.

Akwai kuma abin da wasan ke koya wa saurayi wanda ba a rubuta shi a allon maki. A wasan bibbiyu za ka zubar da ƙwallo mai sauƙi a lokacin da ya fi kowane muhimmanci, ka juya ka haɗa ido da wanda ka jawo wa asara. Shi kuma dole ya miƙo maka hannu ku tafa, domin saura maki na gaba, kuma ba shi da wani sai kai. Gobe shi zai zubar, kai ka miƙa hannu. Bopanna, Ba'indiye, ya yi shekaru yana wasa tare da Aisam-ul-Haq Qureshi, Musulmi ɗan Pakistan, alhali ƙasashensu na zaman doya da manja. A 2010 suka kai wasan ƙarshe na US Open, jakadun ƙasashen biyu a Majalisar Ɗinkin Duniya suka zauna tare suna kallo. Ba na da'awar cewa tanis zai sasanta manomi da makiyayi a dajin Jigawa. Amma na san yaron da ya yi shekara uku yana dogara da ishara daga yatsun wani, zai yi wuya a zo daga baya a gamsar da shi cewa wannan wanin ba mutum ba ne.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma kowanne yana da mai shi. Masu kula da wasanni a jiha da shugabannin makarantu su mai da wasan bibbiyu matakin farko na koyar da tanis, kada yaro ya zauna a benci alhali akwai gurbi a fili. Duk gasar makarantu da za a shirya a ba wasan bibbiyu maki daidai da na ɗaiɗai, a kuma buga wasansa na ƙarshe a gaban manyan baƙi, kafin su tashi. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana tara matasa daga kowane sashe na ƙasar nan, kuma ita ta fi dacewa ta jagoranci gasar bibbiyu ta shekara-shekara da za ta haɗa ɗalibanta da yaran gari. 'Yan jaridarmu na rediyo su daina karanta sakamakon ɗaiɗai su haɗiye na bibbiyu, su ambaci sunayen mutum huɗun duka. Sannan a sa wa kai buri mai iyaka wanda za a iya aunawa. Gasar Dala da ake yi a Kano, wadda ta haura shekara talatin tana tara gwanayen ƙasar nan, tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka daga Dutse. A zaɓi yara tun suna 'yan shekara goma sha biyu, a haɗa su bibbiyu, a bar su tare shekara biyar ba a raba su ba, a kai su can da sunan Jigawa.

Kwanakin baya na bi ta makarantar nan da yamma. Darbejiyar tana nan, ta ƙara inuwa, simintin ya ƙara tsagewa. Malamin bai zo ba a ranar, yaran suka shiga filin su huɗu da kansu, da raket uku, na huɗun yana jiran a miƙo masa idan bugu ya zo kansa. Na ga ɗan ƙaramin cikinsu ya tsaya a bakin raga, ya mai da hannu baya ya ɗaga yatsa ɗaya, na bayansa ya gyaɗa kai. Babu wanda ya koya musu. Sun riga mu gane abin da filin yake nema, saura manya su ba su raket na huɗu.